Ƙarin Sifirin Ba Ya Mayar da A-kori-kura Kanta

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da masu motocin haya, har wasu sun ɗauke ta ilimi: wai idan aka kai a-kori-kura gareji aka ƙara mata falle biyu ko uku na sifirin, to ta tashi daga motar tan ɗaya ta koma ta tan biyu. Za ka ji mai mota yana cika baki a tasha, "Ai tawa na ƙara mata sifirin, ko buhu 20 ka jibga mata ba za ta tsuguna ba." Dillalan mota ma sun gano lagon, yanzu da wannan suke ƙara wa tsohuwar Hilux kuɗi. Tun zamanin Fijo 404 da 504 ake wannan ɗabi'a, kuma har yau duk wanda ya tsaya bakin hanya ranar kasuwar Wudil ko Maigatari zai ga 'ya'yanta: mota ta ɗaga hanci sama, buhuna sun wuce tsayin kan direba, a saman buhunan kuma mutane ne zaune sun saki ƙafafu. Wallahi na gaji da jin ana yaba wannan abu kamar wata dabara.

Lissafin ba shi da wuya. Kamfanin da ya ƙera mota yana ƙayyade iyakar nauyin da za ta kai gaba ɗaya, ita da duk abin da ke kanta, galibi kuma yakan buga shi a ɗan ƙaramin allo a jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji, tare da iyakar abin da aksul na gaba da na baya za su ɗauka. Ka cire nauyin motar tana fanko, abin da ya rage shi ne lodinka. Ga yawancin Hilux da sa'o'inta abin yana wajen tan ɗaya, kilo 1,000, wasu ma ba su kai ba. A ce motarka iyakarta kilo 3,000, ita kanta kilo 2,050. Saura 950. Direba da mutum uku a ciki, kowa kilo 70, an ci 280. Kejin ƙarfen da mai walda ya kafa maka a bodi, a ce kilo 80. Abin da ya rage 590 ne, wato ko buhun masara 6 mai kilo 100 bai cika ba. Shida fa, Alhaji, kai kuma kana maganar 20.

To me sifirin yake yi? Aikinsa ya riƙe bodi a tsayin da ya dace, ya kuma shanye dukan da hanya ke yi wa mota. Idan an ƙara masa falle yakan yi tauri, sai motar ta daina tsugunawa. Iyakar abin da aka saya ke nan. Nauyin nan bai tafi ko'ina ba, yana nan yana bi ta sifirin ɗin ya sauka kan aksul, daga aksul ya sauka kan boris, daga nan wili, daga wili taya. Duk waɗannan bakanike bai taɓa su ba. Kamar mutum ne ya yi wa jakinsa sabon akumari mai kauri, sannan ya ninka masa kaya yana cewa ai yanzu ya ƙara ƙarfi, alhali ƙafafun nan huɗu su ne dai na jiya. Abin da ya fi ba ni haushi ma, tsugunawar da mota take yi ita ce hanya ɗaya da take gaya wa mai ita cewa kaya sun yi yawa. Ka biya kuɗi an toshe mata baki.

Mu fara da taya, don ita ce ta fi saurin tona asiri. Durƙusa ka duba gefen tayarka. Bayan lambobin girma, irin su 265/65 R17, akwai wata lamba da harafi a manne, misali 112S. Wannan 112 ɗin ita ce ke faɗin ƙarfin taya: kilo 1,120, shi ma sai in tana da cikakkiyar iska. Idan 104 ka gani, kilo 900 ne, 100 kuma kilo 800. Tayoyin baya biyu masu lamba 112 sun haɗa kilo 2,240. Bayan motar da kansa, babu komai a kai, a ce ya ci kilo 900. Ka ɗora buhu 20, kilo 2,000, kusan duka a kan tayoyin baya suke sauka. An kai wajen 2,900 a kan abin da aka yi don 2,240, kuma wannan idan tayar sabuwa ce, ba 'yar gwanjo da ta gama shekarunta a Turai ba. Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta lanƙwashewa take yi tana miƙewa a kowane juyi, wannan kuma zafi yake haifarwa a cikinta. Ka haɗa da kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Robar sai ta rabu da wayar da ke ciki, sai ka ji fam! Daga baya a ce tsautsayi.

Aksul ɗin baya na irin waɗannan ƙananan motoci an yi shi ne yadda sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, da boris ɗaya a bakin kowane gefe. Manyan motoci irin Kanta ba haka suke ba, nasu nauyin a kan bututun aksul yake zama, sandar juyawa kawai take yi. Shi ya sa idan boris ɗin a-kori-kura ya ci wuta ko sandar ta karye, taya kan iya ficewa ɗungurungum ta yi gaba ta bar motar. Wanda ya taɓa ganin taya tana gudu ita kaɗai a titi ya san abin da nake faɗi.

Sai birki, wanda shi ne babban abin tsoro. Birki gudu yake mayarwa zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin da zai sha kafin mota ta tsaya ya ninka, idan kuma gudu ne ya ninka, sau huɗu zafin yake ƙaruwa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya direba kan sha da ƙyar, ya ɗauka gwaninta ce. A doguwar gangara irin Hawan Kibo ko saukowa daga Mambila, inda ƙafa ba ta sauka daga kan birki, layinin birki yakan yi zafi har ya daina kamawa, man birki ma ya tafasa, sai feda ta tafi ƙasa babu komai. Ga kuma wani abu da ko bakanikai da yawa ba su kula da shi. A tsofaffin Hilux, idan ka leƙa ƙarƙashi wajen aksul ɗin baya, za ka ga wani ɗan bawul a maƙale da shasi, da siririn ƙarfe ya taho daga gare shi zuwa aksul. Aikinsa ya auna yadda bodi ya sauka. In ya sauka sosai, bawul ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. In bodi yana sama, ya ɗauka motar fanko ce, sai ya rage don kada baya ya zame. To ga shi ka ƙara sifirin, tan biyu na kai amma bodi bai sauka yadda ya kamata ba. Bawul yana ganin kaya kaɗan ne, yana rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kai da kanka ka yi wa motarka ƙarya, ita kuma ta yarda.

Shasi ma yana da nasa rabon. Sifirin mai tauri ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi sama. Kowane rami, kowace gargada, a jikin shasi take ƙarewa, har ya fara tsagewa wajen kunnuwan da sifirin ke rataye, ko ya lanƙwashe tsakanin gidan direba da bodi. Motoci masu ƙofa huɗu sun fi shiga wannan, domin bodinsu gajere ne kuma mafi yawansa yana bayan tayar baya. Duk kayan da suka wuce tayar baya ɗaga gaba suke yi. Sitiyari sai ya yi sakayau a hannu, tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa, fitila ta koma haska idon mai tahowa. Kayan da aka tula sama kuwa, a kwana ɗaya suke kifar da mota.

Kada wani ya ce ai Turawa ma suna yi. Suna yi, amma ji yadda abin yake. A Amurka mutane da yawa na ɗora ɗakin kwana na tafi-da-gidanka a bayan irin waɗannan motoci, ko su ja shi a tirela zuwa yawon hutu, kuma akwai babbar kasuwar ƙarin sifirin da jakunkunan iska da ake sa wa a baya don mota ta daidaita. Kamfanonin da ke yin kayan da kansu suke rubutawa cewa kayansu ba sa ƙara iyakar nauyin da aka ƙayyade wa mota. A Ostireliya ana iya ɗaga iyakar a hukumance, amma sai da kayan da aka gwada aka amince da su, injiniya ya sa hannu, a manna sabon allo, kuma ƙarin 'yan ɗaruruwan kilo ne. Babu inda ake ninka shi da guduma da wutar walda.

Na san amsar da za a ba ni: mai ya yi tsada, kuɗin mota ba ya fita sai an yi obalodi, ga masu karɓa a hanya. Gaskiya ne, ba na musu. Amma mu ji tsoron Allah. Matar da ta hau saman buhu da goyo a baya ba ta san lambar taya ba, amana ta ba ka. Mai kayan da ke matsa wa direba "ƙara biyu mana, ai tana ɗauka", da ɗan kamashon da ke lissafin kansa kawai, da bakaniken da ya san gaskiya ya yi shiru don kada ciniki ya wuce shi, kowa yana da kamasho a cikin abin da zai biyo baya. Ba daidai ba ne mutum ya ɗora abin da ya san ya fi ƙarfin mota sannan ya fake da ƙaddara. Hukumar kiyaye haɗurra tun kafa ta a 1988 take kama masu obalodi, amma jami'i ba zai tsaya a kowace kwana ba. Gudu da gyangyaɗi da ƙwaya da ramukan hanya su ma suna kisa, wannan zancen wata rana ne.

Abin yi, ɗan'uwa direba, ka fara da sanin lambarka. Nemo allon nan ko littafin motar, ka yi lissafin sau ɗaya ka riƙe. In akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, irin na kamfanoni da wasu kasuwannin hatsi, ka hau fanko ka ga ainihin nauyinta da keji da safaya da jak da komai. Sannan ka san nauyin abin da kake ɗauka. Siminti kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya cif. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka tankin roba mai lita 1,000 shi kaɗai ya cinye lodin motar, kuma in bai cika ba ya fi haɗari, don ruwan tangaɗi yake yi yana jan mota. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a matso da su jikin gidan direba, gaban tayar baya, masu sauƙi su hau sama. A ɗaure da igiya mai kyau ta yadda ko an taka birki da ƙarfi ba za su zamo ba. Kada a bar ƙofar bodi a buɗe a shimfiɗa katako a ƙara tsawo.

Iskar taya da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, da geji, ba da dukan ƙarfe ana sauraron ƙara ba. Mota mai kaya tana son iska a baya fiye da fanko, adadin yana jikin ƙofa. In ka tsaya a hanya ka ga iska ta hau saboda zafi, kada ka sace ta, haka ya kamata ta yi. Duba shekarun taya: akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa tukuf. Bayan tafiya mai ɗan nisa ka zagaya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowane wili. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, boris ne ko birki yake kuka, kada ka ce bari mu ƙarasa. A gangara ka bar inji ya riƙe mota, wato ka sauko giya biyu ko ɗaya tun daga sama, kuma kada ka kuskura ka sake ta a firi don tsimin mai.

Ban ce gyaran sifirin haramun ba ne. In naka ya gaji ya miƙe, ko falle ya karye, canza shi wajibi ne, kuma a canza gefe biyu tare, da sababbin ƙarafan da ke ɗaure shi da aksul. Fallen da ya karye ba a yi masa walda, wuta tana kashe ƙarfinsa. Wanda kullum yake ɗaukar kaya kusa da iyaka, ƙarin falle ɗaya da shokazoba mai kyau za su sa motar ta daidaita ta fi daɗin riƙewa, muddin ya sa an sake saita bawul ɗin birkin nan, kuma lodinsa na nan yadda yake. In kayanka kullum tan biyu ne, sawu biyu za ka yi, ko ka nemi Kanta.

Masu jan ƙaramar tirela, ta janareta ko tankin ruwa ko dabbobi, ku ma lissafin ya shafe ku. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela a kan ƙugiyar mota ya kamata ya sauka, wato tirela mai kilo 2,000 ta ɗora wa bayan motarka kilo 200 zuwa 300, kuma daga cikin lodinka za ka cire su. In ka mayar da kayan tirela baya don ƙugiya ta yi sauƙi, da gudu ya ɗan hau za ta fara wutsiya tana jan motar hagu da dama. Idan hakan ta faru ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe. Tirelar da ta wuce kilo 750 tana bukatar birkin kanta. Ƙugiyar kuma a jikin shasi ake ɗaure ta da notina, ba a liƙa ta a bamba ba, a kuma sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashinta don su tare tirelar in ƙugiya ta kuɓuce.