Daga Gyaran Mota Zuwa Ƙafar Jirgi: Iyakar Aikin Hannu a Dutsin-Ma da Kurfi

Wanda ya bi hanyar mota daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, sai ya ratsa ta Kurfi, garin Maradin Katsina, kafin ya isa garin Yandakan Katsina. A bakin kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu zai tarad da rumfunan makanikai da masu walda da masu faci, ga motoci an buɗe musu baki, ga yara baƙi ƙirin da mai suna miƙa sufana. Motocin da a ke gyarawa a nan, da yawa daga cikinsu da a ƙasar da aka ƙera su ne, da tuni an zubad da su. Wannan gwaninta ce ta kan sa mutane su ce, ai wanda ya iya tayad da matacciyar mota, in ya sami kayan aiki, jirgin sama ma sai ya ƙera. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna inda gwanintar hannu ta isa, da inda ta tsaya. Abin da zai fi bayyana iyakar kuwa shi ne ƙafar jirgi, watau sashen da jirgi ya ke dira a kansa.

Daga maƙera zuwa gareji

Kafin zuwan mota, ƙarfe duka a hannun maƙeri ya ke. Da zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki ya ke fid da fartanya da gatari da lauje. Ba ya awo da inci, da ido ya ke yi, da kunne, da nauyin hannu. Ya san lokacin bugu daga launin ƙarfe cikin wuta, ya san mai kyau daga amonsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai maƙeri ya sami sabon ma'adini wanda ba a haƙa ba, watau tsofaffin ƙarafan mota. Har yanzu ba abin da ya ke so kamar karyayyen sifirin na babbar mota, don wuƙa da gatarin da aka yi da shi sun fi riƙe kaifi.

Makaniki bai gāji kayan aikin maƙeri ba, amma ya gāji hanyar koyonsa. A kan kai yaro wurin maigida, ya yi shekaru yana wanke noti, yana kallo, kafin a bar shi ya kwance injin. Ba littafi, sai gani da maimaitawa. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, sai fijo ta cika hanyoyin ƙasar Katsina, ta zama makaranta ga makanikai masu yawa, don injinta a fili ya ke, kowane sashe ido na ganinsa, hannu na kai wa gare shi.

Abin da mai mota kan yi da kansa

Ba kowane ciwon mota ne ya ke bukatar gareji ba. Direban da ya san motarsa ya kan duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya, ya taɓa fambel ya ji ko ya saki, ya goge fulogi, ya kaɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturu ta kan toshe cikin 'yan kwanaki. Ya kan riƙe jak da safaya da sufana a bayan mota. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, kome ya yi tsada, masu yin irin wannan da kansu suka ƙaru. Ban da tsada ma, a ƙasar da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Kurfi da Safana da Batsari cikin shekarun nan, motar da ta mutu a daji da magariba ba ƙaramin haɗari ba ce.

Amma akwai dabarun da su ke tayad da mota yau su kashe ta gobe, ko su kashe mai ita. Wasu su kan ɗaura waya a madadin fis ɗin da ya ƙone, alhali kuwa an yi fis ne don ya ƙone a madadin motar. Wasu su kan zuba ruwan sabulu in man birki ya ƙare, shi kuwa ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, sai a taka a ji wayam. Wasu su kan shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai, ba a tokare ta da kome ba. Motocin yanzu kuma, irin 'yan Kwatano, na'ura ce ta ke raba musu mai da wuta, kunne ba ya jin ciwonsu sai an sa musu kwamfuta.

Duk da haka mota tana da haƙuri. Galibi in gyara bai yi ba, sai ta yi tari, ta tsaya a gefen hanya, a sake. Da wannan haƙuri ne makaniki ya ke koyo, yana kuskure yana gyarawa. Jirgin sama ba ya ba da wannan dama.

Jirage biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Kaduna

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano guda 3 ne na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka iso ran 1 ga Nuwamba 1925. Tun daga nan sha'awar abin ba ta bar samarin Arewa ba. Cikin 2007 labari ya bazu duniya na wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a gida, cikin wata 8. Injinsa na motar Honda Civic ne, kujerunsa na Toyota, sauran kuwa tarkacen ƙarafa. An ba da labari cewa ya tashi sau da dama, amma bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Wannan shi ne ƙololuwar hanyar gareji: ƙwazo, da ido, da abin da aka tsinta.

Na biyun shi ne Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi wanda kamfanin AIEP ya harhaɗa wa sojan sama na Nijeriya a Kaduna, guda 60, na farkonsa ya tashi cikin 1989. Abin lura shi ne, asalinsa jirgin gida ne. An ɗauko fasalinsa daga RV-6A na kamfanin Van's Aircraft na Amurka, wanda a lokacin a ke sayad da shi gunduwa-gunduwa, mutum ya haɗa a ɗakin ajiye motarsa. A can dubban mutane sun yi haka, har suna da ƙungiya tun 1953. Sai dai kowannensu yana aiki ne da zane mai awo, da ƙarfen da aka san irinsa, sa'an nan ma'aikacin hukuma ya duba kafin a tashi. Ashe ƙera jirgi a gida ba tatsuniya ba ce. Abin da ya raba jiragen nan biyu ba hannu ba ne, awo ne.

Aikin ƙafar jirgi

Mai kallo ya kan zaci ƙafar jirgi sanda ce kawai da taya. A'a. Jirgi ba ya sauka sai da 'yar faɗuwa, ƙafar ce kuwa za ta shanye faɗuwar. Dokar ƙananan jirage da Amurka ta yi aiki da ita har 2017 ta ce a yi ƙafar yadda za ta jure dirar ƙafa 7 zuwa 10 cikin daƙiƙa ɗaya. A kan jarraba ta da ɗaga jirgin a sake shi daga tsawon inci 9 zuwa kusan 19.

Lissafin ba shi da wuya. A ce an saki abu daga inci 18, ƙafarsa kuma ta lanƙwasa inci 6 kafin ya tsaya. Ya faɗi inci 24 ke nan, an tsayad da shi cikin inci 6, saboda haka ƙarfin da ƙafar ta ɗauka, a matsakaici, ninki 4 ne na nauyinsa. In kuwa ƙafar ta yi tauri, inci 1 kaɗai ta ba da, to, ninki 19 ne. Fukafukai su kan rage wani abu daga ciki, amma ƙa'idar tana nan. Shi ya sa wanda ya diro daga katanga ya kan durƙusa. Mai walda da ya ga ƙafa ta yi masa siriri, ya ƙara mata ƙarfe don ta yi ƙwari, bai sani ba ya tura bugun ne zuwa jikin jirgi da ƙashin bayan matuƙi.

Hanya uku a ke bi don a sami wannan sassauci. Ta farko ita ce igiyar roba da a ke naɗawa tsakanin ƙafa da jiki, kamar ta jirgin Piper Cub. Ta biyu ita ce a yi ƙafar kanta da ƙarfen sifirin, mai kauri a sama, siriri a ƙasa. Wani Ba'amurke mai tseren jirage, Steve Wittman, shi ya ƙago ta cikin shekarun 1930, irinta ce kuma a jikin RV-6A. Sifirin yana maido abin da ya karɓa, don haka jirgi ya kan yi tsalle in an dira da ƙarfi. Ta uku ita ce bututu mai mai da iska, inda dira ta ke tilasta man ya bi ta ƙaramar kafa, ƙarfin ya koma zafi. Wannan 'yar'uwar shokozoba ce ta mota, ita ce kuma a ƙarƙashin manyan jirage. Ke nan babu ɗaya cikin ukun da ta ke baƙuwa ga makanikin Dutsin-Ma.

Ƙarfe, da wuta, da gajiya

Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Ƙarfe suna ne guda, amma iri-iri ne. Rodin gini da bututun famfo ƙarfe ne mai laushi, in ya lanƙwasa ba ya dawowa. Ƙarfen sifirin yana dawowa, amma sai an gasa shi zuwa wani zafi sananne, an tsoma cikin mai, sa'an nan an sake ɗumama shi daidai gwargwado. In aka bar shi a tsomawar farko sai ya yi tauri ya karye kamar tangaran, in ɗumamawar ta yi yawa sai ya saki. Maƙeri ya san wannan duka, da shi ya ke ba wuƙa kaifi. Amma wuƙa in ba ta yi ba a kan mai da ita wuta. Sandar da ta kai tsawon hannu, wadda a ke so ta gasu daidai daga kai har gindi, tana bukatar tanderu mai ma'aunin zafi. Walda kuma tana rushe wannan gashi a inda ta taɓa, shi ya sa sifirin da aka yi wa walda ya kan sake karyewa dab da wurin.

Sa'an nan akwai gajiya. Yaro ya san in ya yi ta lanƙwasa waya gaba da baya za ta tsinke, ko da bai ja ta ba. Haka ƙafar jirgi ta ke, kowace dira lanƙwasa ce. Tsaga ta kan fara daga ɗan karce ko bakin huda, ta yi ta ci a ɓoye har ranar da za ta gama. Tsohon sifirin da ya yi shekaru yana shan gargadar hanya, ba wanda ya san saura nawa a kwanansa. Don haka ne masu jirage su ke rubuta kowace awa ta tashi, su ke ɗaure noti da ma'aunin ƙarfi, su kuma soke shi da waya don kada girgiza ta kwance shi.

Abin da ya rage ga malamai

Harshen gareji da kansa yana nuna inda gibin ya ke. Sunayen abubuwan da a ke gani duk sun shigo Hausa sun zauna. Turanci ya kan jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma, Hausa kuwa sai ta raba su da wasali, ta kan kuma rufe kalma da wasali, daga nan aka sami birki da fulogi da sufana. Wasu kuwa ba aro aka yi ba, faɗaɗa ma'ana aka yi, kamar jirgi, wanda da can na ruwa ne kaɗai, sa'an nan ya hau dogo, ya tashi sama. Amma abubuwan da ba a gani, kamar iyakar nauyin da ƙarfe zai ɗauka ya dawo, da bambancin tauri da juriya, da gajiyar ƙarfe, ba su da tsayayyun sunaye a bakin masu sana'a. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya maigida ya koya wa yaronsa shi.

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, Zariya kuma tana da kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964. Ilmin awo yana cikin azuzuwa da Turanci, gwanintar hannu tana cikin rumfuna da Hausa, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce. Abin da a ke bukata bai fi ƙarfin malamai ba: ƙananan littattafai da Hausa game da irin ƙarfe da lissafin nauyi, waɗanda za a tsara kalmominsu tare da maƙera da makanikai, ba a bayan idonsu ba. Ko da ba a taɓa ƙera jirgi ko ɗaya a Kurfi ba, ribar tana nan, don makanikin da ya gane dalilin da ya sa ba a yi wa sifirin walda, shi ne zai ƙi yi wa sandar sitiyari walda a motar da za ta ɗauki mutum goma zuwa kasuwa.