Malamin Gona da Makarantarsa ta Damina

'Yan'uwa, mu da muke koyon aikin malanta mun saba da aji mai bango huɗu, da babban allo, da ƙararrawa mai gaya mana lokacin shiga da fita. Amma akwai wani malami wanda ajinsa gona ne, hadari kuwa shi ke buga masa ƙararrawa, watau malamin gona da ake turawa ƙauye ya yi damina tare da manoma. Ina so in bayyana aikinsa, gama wasunmu na ɗaukarsa tamkar hutu ne a sha iska.

Asalin abin a Samaru yake, kan hanyar Funtuwa. A 1922 Gwamnati ta kafa gonar gwaji a nan domin lardunan Arewa, wadda aka haɗa da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1928 aka soma shirin noma da shanu: En'e ta ba manomi rancen bijimai biyu da garma, shi kuwa ya biya sannu a hankali. To, ba a koyon riƙon garmar shanu daga littafi. Tilas aka horar da malamai waɗanda za su tsaya cikin kunya su nuna da hannunsu.

Wahalar farko ita ce ƙurewar lokaci. Ruwan da ake samu a Samaru wajen inci 40 ne a shekara, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka. Malamin aji idan ya kuskure lissafi yau, gobe sai ya goge allo ya sake. Malamin gona in ya bari aka makara da huɗa, ko ya nuna zurfin shuka ba daidai ba, babu gyara sai baɗi, mai gonar kuwa ga bashi a wuyansa, ga iyali. Saboda haka darasinsa gajere ne. Da sanyin safiya ake ɗaura karkiya, kafin rana ta take an kwance shanu, domin bijimin da aka matsa wa cikin zafi kwantawa yake cikin kunya, ko an doke shi ba ya tashi.

Sa'an nan almajiransa ba yara ba ne. Da yawa sun haife shi, sun kuwa san ƙasarsu taki-taki. Shekaru da dama malamai suna hana manoma haɗa gero da dawa da wake a gona guda, suna cewa kowane iri a ware masa fili. Manoma su ce to, malam ya juya baya su shuka yadda suka gada. Sai cikin shekarun 1960 wani Bature, David Norman, ya bi gonakin ƙauyukan Zariya, irin su Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana ƙididdige aiki da amfani. Ya tarar haɗin nan ya fi riba a kowace eka, kuma in wani iri ya ƙi, wani ya fisshe su. Ya kuma gane abin da ke sa su jinkirta shukar auduga: watan Yuni da Yuli noman firi da maimai na hatsi sun cinye hannuwan gida duka, ba mai barin abincinsa domin auduga. Ashe ba taurin kai ba ne, lissafi ne. A ganina malamin da ya yi makonsa na fari yana tambaya ya fi wanda ya iso da jawabi.

Amma babban aibin malantar damina kaɗai shi ne, nasararta da rani ake ƙulla ta, sa'ad da malam ba ya nan. Horon bijimi makonni yake ci: a huda hanci, a saba masa da igiya, a sa shi jan gungume da abokin karkiyarsa, duk kafin ruwan fari. Ciyarwa kuma ta fi horo wuya. Idan ba a tara harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka ba, aka ƙara da dusa ko angurya, bazara za ta iske shanun sun rame, ba su iya jan kome a daidai makon da aka fi bukatarsu. Wani manomin kuwa, da aikin gona ya ƙare sai ya nufi Sabon Gari cin rani, inda kasuwa ta haɓaka tun zuwan jirgin ƙasa a 1911, ya bar shanu hannun yara. Wani in biki ya matsa, mahautan kasuwar nan su sami bijimi guda, garma ta kwana a zaure tana tsatsa.

Don haka wanda aka tura wannan aiki cikinmu, kada ya ɗaure kayansa ranar da aka gama girbi. Ya ƙara mako biyu, ya zaga gida-gida ya ga dammunan harawa nawa aka ɗora bisa rufi da rassan itace, ya rubuta wanda nasa ba za su kai shi Mayu ba, ya kai wa sarkin noma.