Kayan Maƙulashen Biki: Ina Rabon Mai Ciwon Sukari?

A walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar ƙanwata, bayan la'asar, aka fara zagayawa da farantai. Kowane faranti da samosa biyu, da mitfai, da fanke, da yankan kek, ga kwalbar lemo tana raɓa. Ina zaune kusa da gwaggona, wadda ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Ta ture kek ɗin gefe, ta miƙa wa jikarta lemon, sannan ta ɗauki samosa. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, wannan ma fa fulawa ce." Ta dube ni ta ce, "Haba 'yar nan, ai babu sukari a ciki, gishiri ne da nama. In wannan ma kun hana ni, me zan ci? In zauna ina kallon bakin mutane?"

Na rasa amsar da zan ba ta, domin tana da gaskiya a tambayarta, ko da yake ta yi kuskure a lissafinta. Kuskuren kuwa ba nata ba ne ita kaɗai. Sunan da muka raɗa wa cutar shi ya sa muke zaton abu mai zaƙi ne kawai abin gudu. Amma jiki bai damu da abin da harshe ya ɗanɗana ba. Sitacin da ke cikin fulawa, da zarar ya isa hanji, narkewa yake yi ya koma gulukos, ya shiga jini. A cikin giram 100 na farar fulawa akwai sitaci sama da giram 70, kuma an riga an cire mata dusa da ƙwayar da ke rage saurin narkewarta. Tun 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto da ke Kanada suka fito da ma'aunin saurin da kowane abinci ke ɗaga sukarin jini, kuma a wannan ma'auni farin burodi yana gaba da sukarin da muke zubawa a shayi. Mitfai kuwa fulawa ce a waje, dankalin Turawa a ciki, sannan a sake barbaɗa fulawa don romon ya yi kauri.

Irin su Gwaggo kuma suna da yawa. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da ita ba. Ke nan duk taron da ya tara iyaye da kakanni, da wuya a rasa mai ita a ciki. Muna lissafin kujeru da ledojin rabo, muna ware kwanon dangin ango, amma ba mu cika tuna wannan baƙo ba. Sai dai ya ci ya kwana sukarinsa a sama, ko ya ƙulle nasa a leda ya kai wa yara.

Tun daga ranar na shiga gwaji a madafina. Abin da na fara gani a littattafan girkin Turawa shi ne garin almon da garin kwakwa. Garin almon yana da kyau, sitacinsa bai wuce kusan giram 20 cikin 100 ba, rabin wannan ɗin ma harza ce da jiki ba ya mayarwa sukari. Sai dai daga waje ake shigo da shi, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai biki da za ta ciyar da mutum ɗari. Da na duba sosai sai na ga 'yan uwansa suna nan jibge a kasuwanninmu. Gyaɗa tana da sitaci kusan giram 16 cikin 100, rabinsa harza, ga furotin kimanin giram 25. Nijeriya ce ta uku a noman ta a duniya, bayan Sin da Indiya. Ga riɗi da ake lodi a Dawanau ana fita da shi ƙasashen waje. Ga agushi, wanda kusan dukansa mai ne da furotin. Ga waken suya, wanda sitacinsa bai kai rabin na fulawa ba. Alkamar da muke dogaro da ita kuwa, mafi yawanta da jirgin ruwa ake kawo mana.

A nan dole in tsaya a kan abubuwa uku da ake yawan ruɗar masu ciwon da su. Acha hatsi ce mai albarka, amma sitaci ce kamar sauran hatsi. Garin alkama da ba a cire wa dusa ba ya fi farar fulawa, sai dai bambancin sitacinsu kaɗan ne. Garin aya kuma yana da nasa zaƙin da nasa sitacin. Wanda ya yi samosa da ɗayansu ya ce ta masu ciwon sukari ce, a ci a ƙoshi, bai yi musu adalci ba.

Wahalar aikin tana wajen danƙo. Abin da ke sa kwaɓin fulawa ya miƙe ba tare da ya tsage ba wani furotin ne da ake kira gulutin, kuma gyaɗa da waken suya da agushi ba su da shi. Kwaɓina na farko da na ɗora abin murzawa a kansa, rugurgujewa ya yi kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Turawa sukan narka cukun mozarella su haɗa da garin almon da ƙwai don su sami danƙo. Ni kuwa ɗanwake ne ya faɗo mini a rai. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa garin wake ba ya kama jikinsa sai an sa masa kuka. Na gwada kuka, ta kama, amma ta mayar da kwaɓin kore kuma ɗanɗanonta ya fito. Da na koma ga busasshiyar kuɓewa, wadda aka daka aka tankaɗe da rariya mai laushi, sai abin ya zauna. Yauƙin nan da ke jan miya shi ne yake riƙe garin, kuma ƙaramin cokali ɗaya ya isa, ba a ma jin ta a baki.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina soya waken suya sama-sama a busasshen kasko har ya fara ƙamshi, a sussuke ɓawon, a kai inji. Wannan suyar ba a tsallake ta, domin ɗanyen waken suya yana da gafi kuma yana ɓata ciki. Ina auna kofi ɗaya na garinsa, rabin kofi na soyayyar gyaɗa da aka niƙa ba ta kai ga tunkuza ba, da rabin kofi na niƙaƙƙen agushi. Sai ƙaramin cokali na garin kuɓewa, ƙaramin cokali na bekin foda, da ɗan gishiri. Ina murtsuke babban cokali biyu na bota mai sanyi a ciki da yatsu har ya yi wara-wara, in fasa ƙwai ɗaya, in dinga yayyafa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya haɗu ya zama curi. Ba a buga shi kamar kwaɓin burodi. A nannaɗe a leda a sa a firji rabin sa'a, don kuɓewar ta sha ruwa ta saki yauƙinta. Wajen murzawa kuma a sa curin tsakanin leda biyu da aka shafa wa mai, in ba haka ba zai manne wa katako. A yanka da bakin ƙaramin kofi, a zuba haɗi cokali ɗaya, a ninke da taimakon ledar, a danne bakin da cokali mai yatsu, a shafa ruwan ƙwai.

Wannan kwaɓi yakan ba ni ƙananan mitfai kusan ashirin. Da na yi lissafi da alƙaluman da na ambata, sitacin ɓawon kowanne bai wuce kashi ɗaya cikin uku na irinsa na fulawa ba. Ana gasawa a tanderun zamani a kan zafin digiri 170, minti goma sha biyar zuwa ashirin. A sa ido, domin gari mai mai yana saurin yin ja, minti biyu na sakaci sai ya yi ɗaci. Wadda ba ta da tanderu ta zuba yashi ko tsakuwa a babbar tukunya, ta ɗora faranti a kai ta rufe, kamar yadda ake gasa kek a unguwa. Idan an sauke kada a taɓa da zafinsa, sai ya huce yake ƙarfi. Ba zai yi laushin na fulawa ba, gaskiya ke nan. Yana da gardi irin na biskit mai gishiri, da ƙamshin gyaɗa, kuma biyu zuwa uku suna riƙe ciki.

Haɗin ciki shi ya fi sauƙi. A cire dankali, a maye gurbinsa da kabeji da aka yanka ƙanana, da koren wake, da tattasai, da albasa daidai misali. Niƙaƙƙen nama, ko tsokar kaza, ko kifi da aka cire wa ƙaya, a soya da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan attaruhu har ruwan ya ƙone, don haɗi mai ruwa yana jiƙa ɓawon ya fashe. Awara da aka marmasa tana shan kayan ƙamshi kamar nama, kuma tana rage kashe kuɗi. In ana son kauri a barbaɗa cokali guda na garin agushi. Zuba gyaɗa ko riɗi a cikin haɗin ma ba baƙon abu ba ne ga samosa. Ibn Baɗuɗa, da ya zauna a fadar Sarki Muhammadu bin Tugluƙ a Delhi a ƙarni na 14, ya ba da labarin sambusak da ake kawowa a teburin sarki, cike da niƙaƙƙen nama da almon da fistashiyo da albasa da kayan yaji.

Ita samosa da sifirin rol ɓawonsu siriri ne ƙwarai, kuma kwaɓin da na bayyana ba ya kai wa wannan sirantaka. Don haka nakan bi wata hanya. A kaɗa ƙwai uku da babban cokali na garin waken suya da ɗan ruwa, a shafa wa kasko mai, a zuba kaɗan a juya kaskon ya bazu kamar takarda. Da wannan ake naɗe haɗin, a liƙe bakin da ruwan ƙwai, a mayar kasko ya yi ja. Ganyen kabeji da aka tsoma a tafasasshen ruwa na minti biyu shi ma yana naɗuwa lafiya, a soke da tsinke. Abin da ya fi karɓuwa a gidanmu kuwa daga tandar masa ya fito: ƙwai da marmasasshiyar awara da alayyahu da tattasai, a zuba a gurbin tanda, a juya kamar waina. Yara sukan riga manya kai hannu.

Akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Rage sitaci ba ya nufin a ci babu ƙaƙƙautawa. Gyaɗa da riɗi da agushi suna da mai sosai, ƙiba kuwa ita ce babbar abokiyar tafiyar nau'i na biyu na ciwon sukari. Shi ya sa na fi son gashi a kan tsoma su a mai, kuma nake yin su ƙanana. Da yawa daga masu ciwon suna da hawan jini, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, don haka a sassauta hannu wajen gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a bar daddawa da kayan ƙamshi su yi aikin. Gyaɗa a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta canza launi a zubar, saboda gubar afulatoksin da ke lalata hanta. A kuma sanar da baƙi cewa akwai gyaɗa da waken suya a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar su ko kaɗan. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda, likita kan ƙayyade masa furotin, shi sai ya tambaya kafin ya ci.

Hatsarin da ya fi tsorata ni shi ne na mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid. Idan ya sha maganinsa kamar kullum, sannan ya wuni a gidan biki bai ci komai mai sitaci ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ya fara rawar jiki da zufa da jiri. A wannan hali abu mai zaƙi ne maganinsa nan take. Saboda haka waɗannan kayan maƙulashe ne kawai, ba su maye gurbin abincin da likita ya tsara masa, balle magani. Mai na'ura a gida ya gwada jininsa sa'a biyu bayan ya ci. Abin da likitoci suka fi nema ga yawancin manya shi ne kada ya haura 180.

Duk wannan wahala kuma za ta tashi a banza in aka ɗora kwalbar lemo a gefen farantin. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, kuma lemon malt ba shi da wani sauƙi. Zoɓo da citta da kanumfari da yankan kokwamba, babu sukari babu zuma, ko ruwan sanyi da lemon tsami, sun wadatar.

Da sunan jikan yayata ya zo, na yi tire ɗaya daban na ajiye a ɗakin da iyaye ke zama. Ban yi shela ba, domin ba kowa ke son a san lalurarsa a bainar jama'a ba. Na dai raɗa wa Gwaggo cewa wannan babu fulawa. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Sannan ta tura tiren gaban wata ƙawarta da ban taɓa sanin tana da ciwon ba.

Uwar biki, da ke mai sana'ar girkin taro, idan kun zauna lissafin mudun fulawa da jarkar mai, ku ƙara mudu ɗaya na waken suya da rabin mudu na gyaɗa, ku ware tire guda saboda iyayenmu masu wannan lalura.