Saurari motar kafin ka sayi batir

A Tawa, daga Disamba zuwa Janairu, asubahi lokacin turin mota ne. Motar da jiya da la'asar ta tashi da murɗa makulli ɗaya, yau sai karen mota da fasinjoji sun sa kafaɗa. Kafin rana ta yi, mai ita ya yanke hukunci cewa batir ya mutu, ya nufi kasuwa. Wani lokaci ya yi daidai. Amma sau da yawa sabon batir yakan rufe ciwon na sati biyu ne kawai, sannan ya dawo da shi a hanyar Abalak ko Cintabaraden, inda babu gareji kusa. Abin da nake roƙo shi ne minti biyar na saurare kafin a taɓa aljihu.

Ka kashe rediyo, ka kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli. Kunnenka na inji, idonka na hasken da ke jikin bango.

Idan injin ya juya da nauyi, ko ka ji "ƙat-ƙat-ƙat" fitilu suka dushe, wuta ce ba ta isa. Kar ka zargi batir tukuna, duba kawunansa. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta kamar yadda yashi ke toshe magudana. Cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan ɗayar. Wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa ƴar kanwa, ka kula kada ya shiga cikin batir, ka goge, ka ɗaure tam. Bi wayar ragin har inda ta kama jikin mota, don girgizar hanyar burji ta kasuwannin ƙauye tana kwance notin da ke wurin.

Daga nan sai awo, kuma kowane mai gyaran wutar mota yana da mita. Batir da ya kwana da lafiyarsa yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Lokacin murɗawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In injin ya tashi, a sake aunawa: tsakanin 13.8 da 14.4 ake nema. Ƙasa da haka, alternater ne ba ya caji ko bel ɗinsa ya saki, kuma sabon batir ma haka zai ƙare. In duk wannan ya yi daidai amma kullum da safe batir ya kwana da yunwa, cire wayar ragi da dare ka mayar da asuba. Ta tashi garau? To akwai abin da ke shan wuta cikin dare, galibi rediyo ko cajar waya da aka jona ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai abin da mutane ke juyawa. Ba ɗari ne ke kashe batir a Adar ba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, shi ke ƙafar da ruwansa ya cinye farantansa, ɗari tona asiri kawai yake yi. Mai batir mai marufai ya duba ruwansa tun bazara, ya ƙara tataccen ruwan batir. Ruwan rijiya yana lalata shi.

Idan kuwa ka ji "ƙat" guda ɗaya fitilu suna nan da haskensu, demarer ne, abin da ƴan Najeriya ke kira kik. A ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da sanda wani na murɗawa. In ya kama, gawayinsa ya cinye, kuma canza shi ba ya kai kuɗin batir.

Sauti na uku ya fi ruɗa mutane: injin na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Galibin Hilux da Land Cruiser da ke ratsa arewacin Adar gazuwal suke sha, shi kuwa gazuwal zafin matsewar iska ke kunna shi, ba tartsatsi ba. Injin da ya kwana cikin sanyi yana buƙatar bujin ɗumama. Murɗa makulli mataki ɗaya, ka jira ƴar fitila mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya ta mutu. Maimaita sau biyu. In ta tashi tana rawa da farin hayaƙi, buji ɗaya ko biyu sun ƙone. In ba ta tashi ba, akwai ɗan famfon hannu a kan matatar gazuwal. Danna shi har ya yi tauri. Ta kama nan take? Iska ke shiga ta wani tsagaggen tiyo, mai ya koma tanki cikin dare. A ƙasan matatar kuma akwai abin kwancewa da ke zubar da ruwan da ya kwanta, ruwan da man jarka da na kwalba ke yawan zuwa da shi.

Mai motar isansi ya saurari ɗan gunjin famfon mai na daƙiƙa biyu daga wajen tanki, sannan ya duba buji. Dukansu su buɗe matatar iska, don ƙurar hunturu tana cika ta cikin ƴan makonni.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma, ka bar demarer ya huta tsakani. Ina kuma roƙon direbobi su daina hura wuta ƙarƙashin inji da watsa isansi a bakin iskar motar gazuwal, domin na farko gobara ce, na biyu yana iya fasa fistan.

In an bi duk wannan motar tana nan da taurin kai, tana shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, to mai yiwuwa ƙura ta riga ta cinye zobban fistan. A kai ta gareji a auna matsin kowane silinda kafin a yarda a kwance inji.