Toshe Facebook a ofis: me maigida ke gani?

Daga ofisoshin Madawa da Buza har ƙaramar ma'aikatar da ta samu wifi a Allakaye, duk ranar da Facebook ya ƙi buɗewa a kwamfutar aiki sai ka ji an ce gwamnati ta sake yanke intanet. Zargin yana da tushe, don mutane ba su manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da aka rufe intanet ɗin wayar salula har kimanin kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar. Amma gane gaskiya ba wuya. Kashe wifi, kunna megan Airtel, Moov ko Zamani na wayarka. In shafin ya buɗe, toshiyar daga cikin gida take.

Galibi aikin furoksi ne, wata kwamfuta da ake girkawa tsakanin ma'aikata da intanet, kamar mai gadin ƙofa da ke riƙe da takardar sunaye. Kowace buƙata sai ta biyo ta wurinta, ita ke cewa wuce ko koma. Manhajar Squid na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Sau da yawa ba ƙeta ba ce: layi ɗaya ake rabawa, mutum biyu suka buɗe bidiyo, mai aika rahoto Tawa sai ya wuni yana jira.

Babbar jita-jita ita ce wai maigida na karanta saƙonnin WhatsApp. Wannan ƙarya ce. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, furoksi ba ta da makullinsa. Abin da take rubutawa shi ne sunan shafin da aka shiga, da ƙarfe nawa, daga wace na'ura, da megan da aka ci. Wannan ma ai ya isa tonon asiri ga wanda ya shafe safiya a TikTok.

Kwamfutar ofis kuwa lamarinta daban ne. In mai kula da na'urori ya saka mata takardar shaidar ma'aikata, furoksi na iya buɗe shafukan da ke da alamar kwado, ta ga abin da ke ciki, har abin da aka rubuta a imel. A ganina, sirrin gida bai kamata ya hau wannan kwamfuta ba.

Masu cewa VPN na ɓatar da sawu, rabin gaskiya suka faɗa. Yana ɓoye inda ka je, amma ana ganin ka kunna shi, ana kuma iya toshe shi.

Haka masu cewa maigida na da ikon leƙen duk abin da ya ga dama, su ma sun zarce. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP a Yamai da ke karɓar ƙorafi. Ma'aikaci na da damar tambayar me ake tarawa a kansa, da dalilin tarawar, kuma gara ya nemi amsar a rubuce.