Izinin Iyaye Wajen Fita da Yaro Ƙasar Waje Bayan Rabuwar Aure

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne halin da yaro yake shiga idan auren iyayensa ya mutu, sa'an nan ɗayansu ya yi niyyar ƙaura da shi zuwa wata ƙasa. A da, magana ce da ake kashewa a zauren mai gari ko gaban alkali. Yanzu kuwa ta ƙaru da wani mai hukunci na uku, watau jami'in biza, wanda bai san uba ba, bai san uwa ba, takarda kurum ya sani.

Bari mu ƙaddara misali daga Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Mace ce mijinta ya sake ta da baki, gaban shaidu biyu, tana riƙe da ɗa mai shekara shida. Bayan idda ta auri wani da ke aiki a Ingila, ya nemi ta tare. Uban yaron yana nan garin, yana aiko da hatsi da kuɗin makaranta. Tambayar ita ce, wa yake da ikon cewa yaron nan ya tafi ko ya zauna?

A bisa al'ada amsar ba ta da wuya: ɗa na uba ne, kuma sau da yawa da an yaye shi ake karɓe shi. Amma fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu suke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa, ya raba haƙƙin gida biyu. Reno, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Walicci, watau kula da tarbiyya da karatu da dukiya da aurarwa, yana hannun uba, haka ma ciyarwa. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, reno yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Sai dai in wanda haƙƙin ya koma gare shi ya sani, ya yi shiru har shekara guda ba da wani uzuri ba, to, haƙƙinsa ya faɗi, yaron ya ci gaba da zama agola a gidan mijin uwarsa.

A wajen tafiya ne malamai suka yi ƙididdiga. Sun ce idan mai reno za ta ƙaura, ƙaura ta zama ba ta fatauci ko ziyara ba, zuwa wurin da nisansa ya kai baridi shida, waliyyi yana da ikon karɓar yaron. Baridi ɗaya mil 12 ne, saboda haka jimla mil 72 ke nan. Haka kuma in waliyyin ne zai ƙaura irin wannan nisa, yana iya ɗaukar ɗansa, muddin hanya da masauki suna da aminci, sai fa in uwar ta yarda ta bi. Hikimar a fili take: kada yaro ya yi nisan da idon waliyyinsa ba zai kai gare shi ba.

To, a nan ne ma'auni biyu suka saɓa. Fiƙihu da nisa yake awo, dokar ƙasashe kuwa da iyaka. Matar Fakku da ta koma Kano ko Abuja ta wuce baridi shida nesa ba kusa ba, amma babu jami'in da zai tambaye ta takarda a tasha. Matar Illela da ta koma Birnin Ƙonni kuwa 'yan kilomitoci kaɗan ta yi, a fiƙihu renonta bai motsa ba, amma a idon doka ta fitar da ɗan Nijeriya zuwa Jamhuriyar Nijar. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ɗauke wa mutanenmu wahalar biza a maƙwabta, shi ya sa ba mu saba da wannan tambaya ba sai da tafiya ta yi tsawo.

Shingen farko a gida yake. Hukumar Shige da Fice tana neman takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wasiƙar amincewar iyaye kafin ta ba ƙaramin yaro fasfo. Shinge na biyu shi ne ofishin jakadanci. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ta ce wanda yake da ikon iyaye a kan yaro shi zai sa hannu a takardar nemansa. Kanada tana neman wanda ba zai yi tafiyar ba daga cikin iyayen ya rubuta cewa ya yarda, ya sa hannu gaban jami'in da doka ta ba ikon shaida.

Ingila ce ta fi tsanani, kuma a kanta nake so in ɗan tsaya. A can, wasiƙar uba kaɗai ba ta wadatar. Idan iyaye biyu suna raye, ɗaya ne kurum yake Ingila, sai mai neman ya nuna cewa shi kaɗai yake ɗauke da alhakin tarbiyyar yaron, ko kuma akwai wani babban dalili da ya sa barin yaron a baya cutarwa ne. Wata kotun shige da fice ta can ta fayyace wannan a 2006, a shari'ar wasu yara 'yan Yaman, inda ta ce abin dubawa shi ne wanda yake yanke manyan shawarwari a rayuwar yaro a kai a kai. Ku dubi abin da wannan yake nufi ga misalinmu. Uban da ya sauke nauyin da shari'a ta ɗora masa, ya zaɓi makaranta, ya biya kuɗi, ya zo duba lafiya, shi ne hujjar cewa uwa ba ita kaɗai take da alhakin ba, ko da kuwa ya yarda da tafiyar da zuciya ɗaya. Wanda ya yi watsi da ɗansa kuwa, ya sauƙaƙa mata hanya. A ganina wannan ma'auni bai dace da tsarin da ya raba reno da walicci tun asali ba, amma mai nema ba shi yake tsara sharaɗi ba.

Kada kuma mu yi saurin ganin laifin uban da ya ƙi sa hannu. Yarjejeniyar Hague ta 1980 ta tanadi hanyar mayar da yaron da aka fitar ba da izini ba zuwa ƙasar da ya saba zama, domin kotun can ta yi hukunci. Maroko da Tunisiya da Burkina Faso sun shiga, Nijeriya ba ta shiga ba. Saboda haka manomin Fakku da ɗansa ya sauka Landan ba shi da wata gajeriyar hanya ta dawo da shi, sai ya ɗauki lauya a ƙasar da bai taɓa gani ba. Ranar sa hannun nan ita kaɗai ce ranar da maganarsa take da nauyi. Wasu sukan yi amfani da ita don ramuwa ga tsohuwar mata, wannan gaskiya ne, amma da yawa tsoro ne na halal.

Babbar matsalarmu dai ita ce rashin rubutu. Aure a zaure, saki da baki, haihuwa a gida, babu ɗaya da ya bar shaida a takarda. Alhali kuwa hanya a buɗe take. Sashe na 277 na Tsarin Mulki na 1999 ya sa walicci da rainon yara cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma ƙananan kotunan Shari'a suna sauraron irin waɗannan ƙararraki kullum. Abin da ya kamata shi ne, tun ranar da aka tabbatar da saki, alkali ya rubuta wanda yake da reno, da wanda yake ciyarwa, da abin da aka yarda a kai in ƙaura ta taso: wace ƙasa, yaushe yaro zai zo ganin gida, wa zai biya kuɗin jirgi. A fassara hukuncin daga Hausa ko Larabci zuwa Turanci, a buga masa hatimin kotu. Idan uba ya rasu, takardar mutuwa ce take maye gurbin izininsa. Idan kuwa ya tafi ci-rani Kurmi shekara da shekaru babu labari, uwa ta koma kotu da shaidu ta karɓi hukunci, kada ta bari wani ƙanen miji ya sa hannu da sunan wansa, domin takardar jabu ɗaya tana iya jawo a hana yaron biza.