Zafin Sakkwato na cinye batirin jif: Abin da za ka duba kafin ka sayi sabo

Duk wanda ya taɓa tura jif da tsakar rana a watan Afrilu a birnin Sakkwato ya san batir ba abin wasa ba ne. A tsakanin Maris da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne motoci da dama ke ƙin tashi ba tare da wani gargaɗi ba.

Idan a cikin gari ne, da sauƙi. Amma motar da ta mutu a hanyar Gusau ko ta Illela da yamma, a wannan yanayi na rashin tsaro, magana ce ta daban.

Yawancin jif ɗin da ake hawa a nan, irin su Toyota Highlander da RAV4 da Lexus RX 350 da Honda CR-V, na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Sau da yawa batirin da ke cikinsu ba shi ne wanda ya dace da su ba, wanda dillali ya samu ne ya ɗaura don motar ta tashi. Saboda haka kada ka ce wa mai shago "ba ni irin wannan" kafin ka tabbatar.

Me ya sa zafi ke kashe batir?

A Turai da Amurka sanyi ne ke hana mota tashi. A Sakkwato kuwa zafi ne ke ƙafar da ruwan batir, ya kuma hanzarta lalacewar farantan dalma da ke cikinsa. Ga zafin gari, ga na inji, ga na'urar sanyaya mota da ba ta hutawa. Shi ya sa batirin da zai daɗe a ƙasa mai sanyi yakan gaji da wuri a nan.

Girma da gefen kai

Abu na farko shi ne lambar da kamfani ya ware wa motar, wadda ke cikin littafinta. Motocin da suka fito daga Amurka suna amfani da lambobi kamar 24F, wadda ake yawan samu a Highlander da RX 350, ko 35 a yawancin RAV4.

Na tsarin Japan kuma za ka ga irin 80D26L. Lamba 26 na nufin tsawon batirin kusan santimita 26 ne, harafin L ko R kuma na nuna gefen da kan batirin yake. Idan ka kuskure gefe, waya ba za ta kai ba, kuma jan ta da ƙarfi na iya haddasa gobara.

Ƙarfi

A kasuwa ana kiran batir da 62 ko 75 ko 100, wato adadin wutar da yake iya riƙewa. Mutane da yawa na ganin mafi girma shi ne mafi kyau, amma batirin da bai zauna daidai a mazauninsa ba zai riƙa jijjiga a kan gargada har ya lalace. Kada dai ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya ce, musamman a jif mai shan gas kamar wasu Prado da Land Cruiser, domin injinsu ya fi buƙatar ƙarfi wajen tashi.

Motar da ke kashe kanta idan an tsaya a danja, ta sake tashi da kanta, tana buƙatar batir nau'in AGM ko EFB. Na gama-gari ba zai jure mata ba.

Sabo ne ko ya kwana a shago?

Batir na tsufa ko da ba a ɗaura shi ba, balle a shagon da rana ke duka. Nemi a nuna maka ranar da aka ƙera shi, kuma a auna shi da mita a gabanka. Mai cikakken caji yakan nuna kusan bolt 12.6. Ka yi hattara da tsohon batir da aka wanke aka sake wa ruwa. Karɓi rasit da takardar garanti, ka kuma tambayi nawa za a rage maka idan ka bar tsohon.

Kada ka manta da altaneta

Bayan an ɗaura, sai mai gyaran wayar mota ya auna caji yayin da inji ke aiki. Ya kamata ya kasance tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.5 ko kusa da haka. Idan ya gaza, batirin ba zai cika ba. Idan ya zarce sosai, zai dafa shi, kuma a zafin Sakkwato hakan ba ya ɗaukar lokaci.

Daga nan sai kulawa: a ɗaure shi da kyau, a riƙa goge farin garin da ke taruwa a kansa, a ajiye mota a inuwa idan da hali. Idan irin wanda ake buɗewa ne, a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ko na leda ba.

Duk batirin da ya haura shekara biyu, a kai shi a auna tun a watan Fabrairu, kafin bazara ta kama.